Ni da Surukina a Ƙarƙashin Mota

Tun ranar da muka dawo daga Gwaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Da na zauna sai wani ya taso da maganar: wai da gaske ne an gan ni kwance a ƙarƙashin mota, kafaɗa da kafaɗa da surukina? Wani ya ce shi abin da ya ji, a tabarma ɗaya muka kwana. Na ba da labarin a gutsuttsure har na gaji, kowa kuma ya tafi da nasa gutsuren ya ƙara masa gishiri. Shi ya sa na ga gara in zauna in rubuta shi tun daga farko, duk wanda ya sake tambayata in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Sani. Haifaffen cikin birnin Kano ne ni, aikin koyarwa ya kawo ni Birnin Kudu, na yi aure a nan na zauna. Surukin nawa kuwa shi ne Alhaji Ya'u, mahaifin maiɗakina Rabi, tsohon ɗan kasuwar hatsi da ciwon gwiwa ya zaunar a gida. Dogo ne, mai farin gemu, maganarsa ba ta da yawa. Duk shekarun da na yi da 'yarsa, abin da ke shiga tsakaninmu bai wuce gaisuwa ba. In na je gidan sai in tuɓe takalmi tun daga bakin zaure, in durƙusa, ya tambayi aiki da iyali, in ce lafiya lau, ya sa albarka, in tashi. Mu a birni kunyar suruki ta yi sauƙi, ina da abokan da ke kallon ƙwallo tare da surukansu har a yi musu. A gidan Alhaji Ya'u ba a san wannan ba.

A tsakiyar damina, gero ya fara fitar da kai, aka bugo waya daga Gwaram cewa yayarsa, Gwaggo Dije, jikinta ya yi tsanani. Ta daina cin abinci, kuma ba ta da magana sai a kira mata ƙaninta. 'Ya'yansa maza duk ba sa gari, Rabi cikinta ya tsufa, shi kuma gwiwarsa ba ta jure matsatsin motar haya. Rabi dubana kawai ta yi. Na fita na duba mai da ruwa da iskar tayoyin tsohuwar motata, komai lafiya, na je na durƙusa na ce wa Baba in ya yarda ni zan kai shi.

Matsalar farko tun a ƙofar gida ta same ni. Na buɗe masa ƙofar baya don girmamawa, da kuma fatan in samu ɗan sarari in yi numfashi. Ya ce shi ba mai ofis ba ne, kuma ƙafarsa na son miƙewa, ya zagayo ya zauna a gaba. Haka na ja mota da surukina a gefen gwiwar hannuna. Na kai hannu zan kunna rediyo, na tuna ban san abin da zai fito daga cikinta ba, na janye. Shi yana jan carbi, ni ina riƙe da sitiyari da hannu biyu kamar ranar da na fara koyon tuƙi.

Muka bar Birnin Kudu da hantsi. Gonaki hagu da dama sun yi kore shar, amma har muka yi nisa magana ɗaya Baba ya yi. Ya nuna wata gona ya ce mai ita ya makara da noman biyu. Na ce haka ne, alhali ban san bambancin tata da ta maƙwabcinta ba.

Can gaba muka tarar da wani wuri da ruwan sama ya cinye gefen titi, motoci na sauka ta wani ɗan burtali mai duwatsu su sake hawa. Na bi sahunsu a hankali, amma motata gajera ce. Na ji wani ƙwas a ƙarƙashinmu, har cikin haƙorina. Baba ya dube ni, na ce dutse ne, ba komai. Muka hau kwalta muka ci gaba, ni ina murna a raina cewa an wuce.

Kafin mu kai Sara akwai wani shinge da jami'ai ke tsayawa. Wanda ya leƙo mu wani dattijo ne mai furfura a gashin baki. Ya gaida Baba da ladabi, ya ɗaga mana hannu mu wuce, sai kuma na ji ya bubbuga bayan motar. Na tsaya. Ya dawo ta tagata ya sunkuyo.

"Malam, motarka fa fitsari take yi."

Na so a ce wata kalmar ya zaɓa a gaban surukina, amma da na fito na ga gaskiyarsa. Ga baƙin layi nan ɗigo-ɗigo ya biyo mu a kan kwalta iya ganin ido, kuma a inda muka tsaya har ya fara taruwa. Na buɗe bonet na zaro gejin mai, na goge, na mayar, na sake zarowa. Bakin gejin kawai ya jiƙe. Jami'in ya ce kada in kuskura in sake tayar da ita, in baƙin mai ya ƙare injin zai buga, daga nan kuwa sai dai a yi maganar wani injin. Ya ce akwai wani ƙauye nan kusa, a saukar titi, da mai gyaran inji a cikinsa. Shi da kansa ya tsayar mana da wani manomi da ke komawa gida da amalanken shanu.

Haka aka ɗaura igiya a gaban motata, bijimai biyu suka ja mu. Mutanen da ke gona suna miƙewa suna kallo, ni ina fama da sitiyarin da ya yi tauri, kunya kamar in nutse. Sai na ji Baba ya yi gyaran murya ya ce wannan gudun ya fi dacewa da shekarunsa. Na ɗauki lokaci kafin in gane wasa yake yi, don ban taɓa sanin yana yi ba.

Tun a shingen na roƙe shi ya bari a tsayar masa da motar haya, a nema masa gidan gaba ya wuce Gwaram, ni in biyo shi in an gyara. Ya ce tare muka fito. Da muka isa ƙauyen na kira Malam Habu, babban ɗan Gwaggo Dije, ya ce tana barci, jikin yana nan yadda yake. Na sake yi wa Baba maganar ya wuce. Wannan karon sai ya nemi gindin wata bishiyar darbejiya ya zauna. Abin ya ɗaure mini kai. Mutumin da aka ce yayarsa na kiransa tana kwance, ga hanya a buɗe, ya ƙi tafiya.

Mai gyaran injin sunansa Ɗanjuma. Gajere ne, kakkaura, bakinsa ba ya hutawa. Aikinsa injin ban-ruwa ne da injin niƙa da babur, mota sai jefi-jefi. Abin da jami'in bai sani ba shi ne Ɗanjuma ya faɗo daga kan babur kwanakin baya, hannunsa na dama na ɗaure cikin karan ɗori, a rataye a wuya. Ya zagaya motar, ya duba ƙasa, ya dube ni daga hula har takalmi.

"Hannu dai ba ni da shi," in ji shi, "amma baki yana nan. Kai za ka zama hannuna." Ya juya wajen Baba. "Baba, ɗan naka ya iya riƙe sifana kuwa?"

Na buɗe baki zan gyara masa, Baba ya riga ni. Ya ce, "Yanzu za mu gani."

Aka ɗaga gaban motar da jak, Ɗanjuma ya sa aka tura kututturen itace biyu aka tokare ta, ya ce shi bai yarda da jak ba ko na uban waye. Aka shimfiɗa buhuna a ƙasa. Na tuɓe kaftanina a bayan mota, na sa wata tsohuwar rigarsa da ba ta kai mini cibiya ba, na shige.

Ban taɓa ganin cikin motata ta ƙasa ba sai ranar. Komai baƙi ne, komai a jiƙe, mai na ɗigowa ta wurare da yawa har ba ka san wanne ne tushen ba. Ɗanjuma ya tsuguna a gefe yana ba da umarni. Da farko ya ce filta ce ta kwance, in kama ta in murɗa. Na murɗa, tana nan daram. Ya ce to notin juye ne, wato wanda ake kwancewa in za a zubar da tsohon mai. Na sa sifana, shi ma a ɗaure yake tam. Sai ya ɗaga murya ta kan katanga ya ce uwargida ta turo da tsumma da kananzir da garin masara cikin kwano.

Na zaci garin na abinci ne. Ashe dabara ce. Ya ce in wanke duk ƙasan injin da kananzir, in goge ya bushe, sannan in watsa garin a jikin kaskon da baƙin mai ke taruwa a ciki, wanda kanikawa ke kira botom filet. Inda garin ya fara yin baƙi, nan ne ɓarnar take. Na wanke, na goge, na watsa, rabin garin ya dawo mini a fuska. Amma hadari ya haɗu a gabas, gari ya yi duhu, ƙarƙashin motar kuwa ba na ganin ko yatsana. Ina bukatar hannuwana biyu, ina kuma bukatar wanda zai haska mini. Ɗanjuma ba ya iya kwanciya saboda hannunsa. Mai amalanke ya tafi, mazan ƙauyen wasu na gona wasu na kasuwar Sara, maƙwabcinsa ɗaya da ya rage kuma ya riga ya aike shi Sara a babur ya sayo gam da galan ɗin baƙin mai.

"Baba, sai kai fa," in ji Ɗanjuma. "Shiga ka riƙe wa yaron nan fitila."

Daga inda nake kwance na ce a'a, a bari zan kunna fitilar wayata in sa ta a baki. Ba wanda ya kula ni. Ta ƙarƙashin mota na hango ƙafafun Baba sun taso daga gindin darbejiya. Na ji ƙarar buɗe ƙofa, ashe babbar rigarsa da hularsa ya naɗe ya ajiye a kujera. Saukowarsa ƙasa ta ɗauki lokaci saboda gwiwar. Na rasa ko in fito in kama shi ko in yi kamar ban gani ba, har sai da na ji hannunsa ya dafa ƙafata ya sauke nauyinsa a kai. Ya kwanta rigingine, ya ja jiki a hankali har kafaɗarsa ta taɓa tawa. Ya karɓi wayar ya haska.

Ga shi nan kuwa. A cikin farin garin, wani siririn baƙin layi kamar gashi ya fito a gefen kaskon, daidai inda dutsen ya daka. Muna kallo ya yi kauri, ya tara ɗigo, ɗigon ya saki ya sauka a tsakiyar farin gemun Alhaji Ya'u. Shi kuwa ya sa yatsa ya shafo, ya duba a hasken waya, ya ce ashe ma da ɗumi.

Ɗanjuma ya ji daɗi kamar shi ya haifi tsagar. Ya ce tsaga ce ƙarama, gam zai riƙe ta, amma da sharaɗi: sai an juye sauran man duka, an kankare wurin da takardar samfefa har ƙarfe ya yi fari, an wanke da fetur, kuma an tabbata ko ɗigo ɗaya ba ya sake tsattsafowa, don gam ba ya kama wuri mai maiƙo. Na kwance notin juye, sauran man ya tsiyaye a wata roba. Na kankare, na wanke. Amma duk lokacin da na goge, in an jima kaɗan sai tsagar ta sake yin gumi. Ɗanjuma ya ce haka za mu yi ta gogewa har ta gaji. Wata mata ta zo da ƙorafin injin niƙanta, ya bi ta yana surutu, ya bar mu mu biyu.

Ni ina goge ƙarfe, shi yana haskawa. Ba mai ganin fuskar wani, kowa sama yake kallo. Ina jin wannan ne ya sa ya iya magana. Kafin in rubuta abin da ya faɗa sai da na nemi izininsa, ya ce in rubuta, ai ba sata ya yi ba.

"Malam, ka yi ta mamakin abin da ya hana ni hawa motar haya."

Na ce a'a, Baba. Ya ce in bar a'a, ya gani a fuskata.

Ya ce bai san mahaifiyarsu ba, ta rasu yana ɗan ƙaramin da ake goyo. A shekarar aka ɗaura wa Yaya Dije aure a Gwaram, ta ce ba inda za ta sai da shi. Dangi suka yi ta faɗa, ba a kai amarya da goyo, ta kafe. A bayanta ya shiga Gwaram, a ɗakinta ya yi wayo, ita ta kai shi makarantar allo, ita ta sayar da akuyarta ta ba shi jarin da ya fara awon hatsi.

"Duk wanda ya san ni ina yaro ya tafi, saura ita. Tun da aka yi wayar nan nake tunanin in shiga in same ta a kwance, a ce ga Ya'u, ta ce wane Ya'u. Ban san yadda zan yi ba in haka ta faru. Da mutumin shingen nan ya ce mota ta lalace, Allah Ya yafe mini, sanyi na ji a raina."

Ni malamin makaranta ne, magana ce sana'ata. Amma abin da ya fito daga bakina kawai shi ne, "Baba, ɗan matso da fitilar hagu." Ya matso da ita. Na goge tsagar, na sake gogewa, sannan na ce in Allah Ya kai mu gobe ba shi kaɗai zai shiga ɗakin ba, ƙafata ƙafarsa. Ya ce to.

Maƙwabcin ya dawo daga Sara ana kiran la'asar. Muka fito muka yi salla, muka koma. Zuwa lokacin tsagar ta bushe ƙarau. Gam ɗin bututu biyu ne, ana matso su daidai wa daida a marfin gwangwani a cakuɗa da tsinke har launinsu ya zama ɗaya, kuma da an haɗa ba ya jira. Ɗanjuma ya cakuɗa da hannun hagu, ya miƙa wa Baba, Baba ya miƙo mini. Na shafa kashi na farko na danna shi cikin tsagar, na ɗora wani ɗan yankin ragar ƙarfe da Ɗanjuma ya yanko daga tsohuwar rariya, na sake shafe shi da kashi na biyu har ya rufe. Duk tsawon aikin Ɗanjuma na faɗa, ni ya ce hannuna kamar na mai lalle, Baba kuma ya ce masa ya daina haska gemunsa ya haska aiki. Baba ya ce to.

Da muka fito, Ɗanjuma ya ce ba mai zuba mai a injin nan sai gobe da safe, gam sai ya kwana. Bai rufe baki ba ruwa ya sauko. Muka kwashi kaya a guje, ko in ce ni na gudu, su biyun suka taho a hankali, mai karyayyen hannu yana riƙe da mai ciwon gwiwa.

A zauren Ɗanjuma aka sauke mu. Wani abu da na lura da shi, ba wanda ya tambaye mu ko za mu kwana, ko za mu ci abinci. Mu a birni sai mu tambayi baƙo ko a kawo masa abinci, shi kuma ya ce alhamdu lillahi, kowa ya huta. A nan ruwan wanka kawai muka ga an ajiye, da sabulun wanki don maiƙon hannu, bayan magariba kuma sai ga kwano a rufe da faifai. Tuwon dawa ne da miyar kuka, man shanu na yawo a kai. Kwano ɗaya.

Na ja da baya na ce ni na ƙoshi. Rabona da abinci tun kokon safe, kuma cikina ya zaɓi wannan lokacin ya ƙaryata ni da ƙarfi. Ɗanjuma ya ce shi bai taɓa ganin ɗan da ke ƙin cin tuwo da ubansa ba, ko 'yan boko haka suke yi? Baba ya wanke hannu a nutse, sannan ya ce, "Ba ɗana ba ne. Mijin 'yata ne, ta fari."

Ɗanjuma ya sa hannunsa mai lafiya ya rufe baki. Ina kallonsa yana tuno duk abin da ya faɗa tun rana, ɗaya bayan ɗaya. Ya fara ba da haƙuri, ya ce wallahi da ya sani da ko da haƙori ne shi zai riƙe fitilar, ya yunƙura zai je a kawo wani kwanon. Baba ya ce ya zauna.

"Mun riga mun kwanta a buhu ɗaya, kwano ɗaya ba zai gagare mu ba. Malam, sa hannu."

Na sa hannu. Daga bakin kwano na riƙa gutsura kamar mai ciwon haƙori, kaina a ƙasa. Ban ankara ba na ga yana karkato kwanon, miyar da man shanun suna gangarowa wajena. Bai dube ni ba, ni ma ban dube shi ba, amma na ci na ƙoshi.

Masu cewa a tabarma ɗaya muka kwana su ji tsoron Allah. Tabarma biyu ce. Gidan sauro ne ɗaya, na kuma ɗaura wa Baba, sauron ƙauyen suka yi biki a kaina har asuba.

Da muka dawo daga masallaci gari ya waye tas. Ɗanjuma ya ce in shiga in ƙwanƙwasa gam ɗin da sifana. Ya yi tauri kamar dutse. Na mayar da notin juye na ɗaure, aka yanke gindin wata robar ruwa aka yi mazurari, muka tace tsohon man da ƙyalle muka zuba, muka cika da sabo har geji ya nuna daidai. Aka sauke motar, aka shimfiɗa farin buhu a ƙarƙashinta, na tayar. Mazan ƙauyen da ba su tafi gona ba duk suka tsuguna suna leƙe, har da liman. Injin ya yi zafi, buhun nan yana nan fari fat. Ɗanjuma ya miƙe yana washe baki, ya ce wannan gyaran kai ni gida ne, ba na zama ba, in mun koma in canza kaskon. Na kuwa canza shi a satin da muka dawo. Uwargidansa ta aiko mana da dafaffiyar gyaɗa a leda. Sallamar da Ɗanjuma ya yi da Baba ban ji ta ba, gefe suka koma, na dai ga sun daɗe riƙe da hannun juna, na hagu da na dama.

Muka ratsa Sara, rumfunan kasuwa duk a watse bayan cin jiya, muka shiga Gwaram rana ba ta yi zafi ba. Malam Habu ya tare mu a ƙofar gida. Baba ya tsaya a zaure yana gyara zaman hularsa, ya gyara ya sake gyarawa. Na matsa kusa na ce Baba, mu shiga. Muka shiga.

Gwaggo Dije 'yar ƙaramar tsohuwa ce, ta ƙanƙance a kan gado, idanunta sun yi fari. Malam Habu ya sunkuya ya ce, "Inna, ga Kawu Ya'u ya zo." Ba ta motsa ba. Baba ya durƙusa a bakin gadon da wannan gwiwar tasa, ya kama hannunta. Ta shafa yatsunsa ɗaya-ɗaya, ta ja hannun zuwa hancinta.

"Auta," in ji ta, da wata siririyar murya. "Sai yanzu? Kuma me ka taɓa haka kake warin inji?"

Ya ba ta labari a taƙaice. Ta ce da wannan ƙafar ya shiga ƙarƙashin mota? Wa ya bar shi? Sai ga Alhaji Ya'u, mutumin da 'ya'yansa ba sa zama in yana tsaye, ya nuna ni da yatsa kamar yaron da aka kama da satar ƙuli. Ta ce in matso. Ta shafa fuskata, ta ce mijin Rabi ne wannan, ta sa mini albarka, sannan ta koma kan ƙaninta ta ci gaba da faɗa. Da aka kawo kunu ta kau da kai kamar yadda aka ce tana yi, sai Baba ya karɓi ludayin. Ta sha uku ko huɗu daga hannunsa, tana cewa ya cika gaggawa.

Mun ɗan kwana biyu a Gwaram. Gaisuwarsu doguwa ce, sai an tambaye ka gida da gajiya da ruwa da shanu ko ba ka da ko kaza, wasu kuma su haɗa da Fillanci in amsa da murmushi. Kowane gida a layin sai da ya aiko da fura, kuma ba a mayar da ƙwarya da saura, har na fara ɓuya in na ji sallama. Tsofaffin unguwar ba wanda ke cewa Alhaji, Autan Dije suke kiransa, shi kuma yana amsawa. Yawancin yini yana ɗakinta, ina jiyo su daga tsakar gida suna lissafa mutanen da suka shuɗe, wani lokaci har da dariya. Jikin nata ya ɗan yi dama, tana shan kunu, tana zama in an jingina ta. Amma ba wanda ya yaudari kansa. Tsufa ne, ba ciwon da ake warkewa ba.

Ranar da za mu taho ta sa aka kira ni ni kaɗai. Ta riƙe hannuna ta ce, "Mijin Rabi, wannan da kake gani ba ya faɗin ciwonsa. Tun yana yaro, ko ƙaya ya taka sai dai in ga yana ɗingishi. Ka riƙa duba mini shi." Na ce in sha Allahu. Da Baba ya shigo sallama na tashi zan fita, na ji tana ce masa su yafi juna. Ban tsaya jin sauran ba.

Muka kamo hanya. Baba ya zauna a gaba kamar yadda muka zo, fuskarsa a wajen taga. Mun bar gari da 'yar tazara na lura carbin ya tsaya a hannunsa, numfashinsa kuma ya sauya. Ban waiwaya ba. Na rage gudu, na gangara gindin wata tsamiya na kashe mota, na ce bari in duba mai.

Na ɗaga bonet, ya tsaya tsakanina da gilashin gaba, ba na ganinsa ba ya ganina. Na zaro geji na goge na mayar na zaro, mai yana nan a cike. Na sake yi. Na tsuguna na leƙa ƙasa, gam ɗin Ɗanjuma a bushe. Na taɓa wayoyin batir, na duba ruwa, na tsaya ina kallon wani garken shanu har suka gama ƙetare titi, na bayansu ya shige cikin gero. Can na ji an buɗe ƙofa, na ji ƙarar ruwan buta yana zuba a ƙasa, aka daɗe, sannan aka rufe ƙofar.

"Malam, ya ragu ne?"

"Bai ragu ba, Baba. Yana nan cif."

"To rufe mu tafi, kada su ga mun daɗe."

Na sauke bonet ɗin a hankali, na goge hannuna, na shiga na tayar da mota.